Motar Da Ta Rufe Fuska

Alhaji Abdulhadi ya cika da safiyar wata Talata, a tsakiyar damina, a gidansa na Dutsin-Ma. Direbansa Sodangi yana tsakar gida yana goge motar ofis sa'ad da kukan mata ya tashi daga ciki. Bai tambayi kowa ba. Ya matse tsumman, ya shanya shi a igiya, ya zauna a bakin famfo yana ta maimaita innalillahi wa inna ilaihi raji'un, har bai san sau nawa ya faɗa ba.

Shekara goma sha tara ke nan yana jan Alhaji. Ya ja shi tun yana ƙaramin darakta, a wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi. Shi ya ja shi ranar da aka naɗa shi babban sakatare, shekara shida da suka wuce, aka ba su wannan baƙar motar mai baƙin gilashi, da lambarta ta musamman, fara sol da koren rubutu da tambarin gwamnati. Ba kowa ake ba irinta ba. Tare da ita aka damƙa wa Sodangi kube biyu na baƙar fata, na gaba da na baya, waɗanda direbobi ke kira riga. Aka ce masa in mai kujera yana cikin mota a bar lamba a buɗe, in ba ya ciki a sa mata rigarta. Wasu direbobin sukan yi wasa da dokar, su buɗe lamba su tafi cefane don masu tsaron shinge su sara musu. Sodangi bai taɓa yi ba. Ko masallaci Alhaji ya shiga, kafin ya gama cire takalmi an rufe ta.

Yana nan zaune Malam Lawal, ƙanen marigayin, ya fito idanunsa jajir, ya kira shi gefe.

"Ƙarfe biyu za a yi mashi sallah, nan. Manya na tahowa daga Katsina, ba su iya zuwa ƙauye. Ka tafi Wurma ka ɗauko Gogo."

"To, Malam."

"Kada ka faɗa mata. Ka san hawan jininta. Ka ce jikin ne ya motsa, shina son ganinta. In ta iso, mata su gaya mata a zaune."

Sodangi ya sunkuyar da kai. "Malam, ai ba ta ma san shina ciwo ba. Kuma fushi take da shi."

"Shi ya sa kai na aika, ba wani ba," in ji Malam Lawal. "Ba mu sa shi ƙasa da fushin uwa a kanshi ba, Sodangi. Ka kawo ta ta yafe mashi."

Fushin Gogo Yahanasu, mahaifiyar Alhaji, yana da tarihi, kuma Sodangi yana da hannu dumu-dumu a ciki. Wata bakwai Alhaji ya yi yana fama da ciwon ƙoda. Ya rame, ya yi baƙi, babbar riga ta koma kamar an rataya ta a sanda. Ya ce ba zai bari tsohuwa ta gan shi haka ba, sai ya ɗan murmure. Ya hana kowa faɗa mata. Duk ƙarshen wata sai ya tura Sodangi Wurma da shinkafa da sukari da sabulu, da saƙon cewa aiki ne ya yi masa yawa.

Ita kuwa Gogo, Alhaji ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta taɓa fitowa tarbarsa ba. Amma akwai wata 'yar taga a zauren gidanta da ke kallon hanya. Ba ta yi boko ba, ba ta san abin da aka rubuta a lambar ba, sai dai ta san fari da baƙi. In ta hango fari a goshin mota, sai ta koma ɗaka ta sa a kama zakara, ta zauna tana tsinkar zogale kamar ba ta san da zuwan kowa ba. In ta hango baƙi, ta san kaya ne kawai suka zo. Sau bakwai a jere tana ganin baƙi. A na bakwai ɗin ta ce wa Sodangi, yana durƙushe a gabanta, "Ka gaya ma ubangidanka na gode da shinkafa. Kujera ta yi mashi daɗi. Kuma na rantse da Allah, ƙafata ba ta ƙara shiga motar da ta rufe fuska."

Da Sodangi ya kai wa Alhaji wannan saƙon, Alhaji ya juya fuska bango. Can ya ce, "Bayan sallah sai mu je." Allah bai nuna masa bayan sallar ba.

Sodangi ya tayar da mota ke nan wayarsa ta yi ƙara. Mutawakkil ne, jami'in ofishin da ke kula da motocin manya, mutum mai ladabi da son takarda.

"Malam Sodangi, Allah shi jiƙan Oga. Ina hanya. Don Allah kada motar ta fita, zan karɓi lambar."

"Yau? Ko wanka ba a yi mashi ba."

"Wallahi ni ma ban ji daɗi ba. Amma ka san tsarin. Lamba ta kujera ce, ba ta mutum ba. Ranar da mai kujera ya sauka ko ya rasu, ranar take komawa ofis. Bara an bar ma wasu iyalai, sai ga ta a ɗaure jikin motar ɗaukar amarya. Tun daga nan aka tsaurara."

"Uwarshi zan ɗauko."

Mutawakkil ya ce, "To. Zuwa azahar. Amma a rufe, Malam Sodangi."

"Ni za ka gaya ma?" in ji Sodangi, ya kashe wayar.

Hanyar Kurfi a jiƙe take, an kwana ana ruwa. Gero ya yi tsawo dama da hagu, ya fara fitar da kai. Sodangi ya riƙa kai ido madubi kamar yadda ya saba, don ya ga ko Alhaji ya yi barci ya rage gudu. Abin da yake gani kawai shi ne matashin da Alhaji ke tokare bayansa da shi, da carbinsa a kan kujera. Bayan ya wuce Kurfi ya sauka hanyar ƙasa, ya yi kiciɓis da babura uku na dattawan Wurma sun nufi Dutsin-Ma. Suka ɗaga masa hannu, ba wanda ya yi murmushi. Maza sun ji ke nan. Ya roƙi Allah ya sa labarin bai tsallaka zaure ba.

Bai tsallaka ba. Yana tsayawa gindin darbejiyar ƙofar gidan, Kyauta ta leƙo, wata tsohuwa maƙwabciyar Gogo, wadda tare suke wuni tun mazajensu na da rai.

"A'a, Sodangi na shinkafa! Wata bai ƙare ba kuma? Ko tunawa ka yi da sadakina?"

Kullum yakan ce mata ta jira kaka. Yau sai ya ce, "Ina kwana, Iya Kyauta. Gogo na ciki?"

"Ina za ta? Ta hango ka tun daga kwalbati. Ta ce baƙi ne."

Gogo tana zaune a tabarma bakin ɗakinta, da faifai a cinya tana tsince wake. Ya durƙusa nesa kaɗan, suka gaisa, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ruwa a wajensu. Ba ta tambayi ɗanta ba, don ba ta taɓa yi ba.

"Gogo, aiko ni aka yi in tahi da ke. Jikin Alhaji ne ya ɗan motsa. Shina son ganinki."

Ba ta ɗaga kai ba. "Da aiki ne. Yau ciwo. Wata mai zuwa me za ku ce, Kyauta?"

"Su ce jirgi ya tahi da shi Makka," in ji Kyauta tana dariya.

"Wallahi Gogo, ba shi da lafiya."

"Mai ciwo ai gida shike zuwa, uwarshi ta dafa mashi sassaƙe. Wanda ya aiko a ɗauko tsohuwa kamar buhun masara, wannan lafiyarshi lau. Ka ji rantsuwata da kunnenka, Sodangi. Ko so kake in yi saɓo da furfurata?"

Ya yi magiya. Ya ce Malam Lawal ne da kansa ya aiko shi. Ta ce Lawal ai bakinsu ɗaya da yayansa tun suna satar gyaɗa. Ya ce ko don darajar shekarun da ya yi yana zuwa gidan nan. Ta ce darajar ce ta sa ba ta kore shi ba, ta sa Kyauta ta dama masa fura. Furar ta zo, ya riƙe ƙwaryar bai iya kai ta baki ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, yau da ya zo da rabin gaskiya, ƙaryar wata bakwai ta riga ta cinye mata wuri. Ya dubi inuwar katanga, ta janye ta kusa shigewa gindinta. Rana ta kusa tsaka.

Maganar tana bakinsa. Kalma biyu ce kawai. Amma ya dubi siraran hannayenta da jijiyar da ke harbawa a gefen wuyanta, ya tuna bara da ta yanke jiki ta faɗi don an ce mata saniyarta ta mutu. In ta faɗi a nan, gawa biyu za a yi, kuma ba wadda ta yafe wa wata.

Ya ce zai je ya dawo. Waya ba ta kamawa a cikin gari, sai an hau wani tudu bayan makarantar allo. Can ya kai motar, ya kira Malam Lawal.

"Ta ƙi, Malam. Rantsuwa ta yi ba ta shiga motar da lambarta ke rufe."

"An gama wanka, an sa shi a likkafani, fuska kawai muka bari dominta. Duk dabarar da za ka yi, yi. Mutane ba su jira ba."

Wayar ta yanke. Sodangi ya tsaya a gaban motar, yana kallon baƙar rigar. An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. A ransa ya ce, ai a kan rufaffiyar fuska ta rantse. In an buɗe, rantsuwa ta warware, sai ta shiga ba tare da saɓo ba. Iyakar inda tunaninsa ya kai ke nan, bai ƙara taku ɗaya gaba ba. Ya durƙusa ya ɓalle maɓallan. Bai taɓa ɓalle su ba sai da ƙamshin turaren Alhaji a bayansa. Ya cire ta gaba, ya cire ta baya, ya ajiye su a kujerar gefensa. Farar lambar ta ɗauki rana tana ƙyalli.

Sai da ya karyo kwanar kwalbati ya hango inuwar kai a 'yar tagar zauren, sa'an nan ya gane abin da ya aikata. Ya taka birki, amma an riga an gan shi. Guɗar Kyauta ta tashi daga cikin gida.

"Fari ne! Yahanasu, fari ne! Ashe ɓoyewa ya yi bayan gari, ya turo Sodangi shi gwada ki! A kama zakaran nan!"

Ya ƙarasa gindin darbejiya a hankali, kamar mai jan mota a kan ƙwai. Kafin ya kashe ta, abin da bai taɓa gani ba a shekara goma sha tara ya faru. Gogo ta fito ƙofar gida. Ta yafa farin mayafinta na Juma'a a karkace, takalminta ɗaya a ƙafa, ɗaya ta baro shi a zaure. Tana ƙoƙarin ɗaure fuska irin ta mai fushi, fuskar tana ƙi. Ba ta jira an buɗe mata ba. Ta kama marfin baya da hannu biyu ta ja.

Matashi ne, da carbi.

Ta leƙa har ɗaya gefen, kamar mutum zai iya ɓuya a bayan matashi. Ta daɗe a sunkuye. Sodangi ya fito ya zagayo ya durƙusa a cikin laka, bai san ya yi ba. A cikin gida zakara yana ta kyarkyara ana bin sa.

Da ta ɗago, muryarta a kwance take.

"Sodangi, shekara nawa da ba ku lambar nan?"

"Shida, Gogo."

"Ka taɓa buɗe ta ba shi ciki?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya, Gogo."

Ta gyaɗa kai. Ta dafa marfin motar, ya miƙe zai tare ta, ta ɗaga masa hannu. Ba ta faɗi ba.

"Yaushe?"

"Yau da safe."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta faɗa sau uku, a hankali, tana kallon carbin. "Tun yaushe shike kwance?"

"Wata bakwai."

"Wata bakwai. Kai kuwa kana kawo mani shinkafa."

Kyauta ta fito da zakara a hannu, ta ga fuskokinsu, ta sake shi, ta ɗora hannu a ka.

Sodangi ya ce, "Gogo, shi ya hana a faɗa maki. Ba shi son ki ga yadda ya koma. Don Allah, don Annabi, ki yafe mashi. Ƙarfe biyu za a yi sallah."

"Ba kai zan gaya mawa ba," in ji ta. Ta zagaya gaban motar da ƙafa ɗaya ba takalmi, ta tsaya tana duban lambar. Ba ta taɓa ganin ta kusa haka ba. Ta sa yatsa ta shafa koren rubutun. "Duk cikinku, abin nan kaɗai ne bai taɓa yi mani ƙarya ba. Yau ka sa shi ya yi. Mayar mata da rigarta. Ba shi ciki."

"Yahanasu, rantsuwar fa?" in ji Kyauta cikin kuka.

"Sai in yi azumi uku na kaffara. Ɗauko mani takalmina."

Sodangi ya mayar da rigunan, ya ɓalla kowane maɓalli. Gogo ta shiga ta zauna daidai inda ɗanta ke zama, ta ɗora matashin a cinya. Kyauta ta zauna gefenta. Suka fita hanyar ƙasa, suka wuce Kurfi. Sau ɗaya kawai ya kai ido madubi. Ya ga ta kifa fuska a matashin tana shaƙar ƙamshinsa, leɓunanta suna motsi. Ya mayar da idonsa titi, bai sake dubawa ba.

Sun iso ana kiran azahar. Layin ya cika da manyan motoci, duk an sa wa lambobinsu riga, masu su suna cikin rumfa. Malam Lawal ya taho da sauri zai fara lallashi, ta ce masa, "Na sani. Kai ni." Mata suka buɗa mata hanya, ta shige.

Sodangi ya tsaya jikin mota. Can sai ga Mutawakkil da sukudireba da wata takarda a hannu. Ya yi masa ta'aziyya, ya dubi lambar a rufe ruf, ya ce, "Na gaya ma mutanen ofis, in dai Malam Sodangi ne ba a jin komai. Da duk direbobi irinka ne da mun huta."

Sodangi ya juya ya dubi ƙofar da Gogo ta shiga.

Ba a jima ba Malam Lawal ya fito, ya kama hannunsa ya matse. "Ta yafe mashi. Ta buɗe fuskarshi, ta ce Abdulhadi, na yafe maka duniya da lahira. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba." Ya share ido da hannun riga. "Allah shi saka maka. Yaya ka yi ta yarda?"

"Allah ne ya yi," in ji Sodangi.

Aka yi sallah, aka kai shi, aka dawo. Mutawakkil ya jira har aka shafa fatiha sa'an nan ya durƙusa ya kwance lambobin, gaba da baya. Ya nemi rigunan ma, ya ce a rubuce suke cikin kayan gwamnati. Sodangi ya miƙa masa, ya sa hannu a takarda. A goshin motar sai wani wuri mai kusurwa huɗu da ya fi sauran jikin baƙi, da ramukan ƙusa.

Bayan addu'ar uku Gogo ta ce gida za ta koma. Malam Lawal ya aika a kira Sodangi ya kai ta a motar gida. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin da take, ya gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. Sa'an nan ta juya wajen Malam Lawal.

"A nemo mani motar haya."

"Gogo, ga Sodangi."

"Na gan shi. Sodangi ya gaji, ya yi wata bakwai shina ɗauke da kaya. A bar shi shi huta."

Sodangi ya ɗan jira ko za ta ƙara wani abu. Tana ta jan carbin Alhaji, idonta a ƙasa. Ya ce Allah shi kiyaye hanya, ya tashi ya fito tsakar gida. Tsumman da ya shanya ranar Talata yana nan a igiya, ruwa ya dake shi, rana ta busar da shi, ya ƙandare. Ya sauke shi ya ninke, ya tsaya riƙe da shi. An riga an zo an tafi da baƙar motar tun jiya.